Nawa zai ci a ƙera ƙaramin injin niƙa robar firintar 3D?

Baban Khadija: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga injiniyoyi da masu walda na wannan zaure ce. Ina aiki da firintar 3D a Kano, galibi kayan koyarwa na makarantu da ƙananan sassan injuna da ba a samu a kasuwa. Robar da ta lalace ta taru mini: aikin da wuta ta ɗauke yana tsakiya, tokaren robar da ke tallafe aiki wanda ake ɓantarewa bayan an gama, da wanda ya ɗago daga faranti ya karkace. Kusan duk irin robar da ake kira PLA ce, sai wata irin mai suna PETG kaɗan. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kuɗin zaren robar da firinta ke narkarwa tana aiki da shi ya zama abin tunani, zubar da wannan kuma yana mini ciwo. Ina so in ƙera ɗan injin da zai daddatsa ta, daga baya in mai da ita zare. Na ga zanen irin wannan inji na Precious Plastic, wani shirin sake sarrafa roba, a intanet. Nawa zai ci a nan gida, kuma wane ɓangare ne yake cin kuɗin?

Ɗan Panteka: Wa alaikumus salam. Malam, ƙarfen ba shi ne matsala ba. Akwati, ƙafafu da mazurari duk za ka haɗa su da ƙarfen gwangwan, a Ƙofar Ruwa ma za ka samu. Abu uku ne za su ci maka kuɗi: moto da giyarsa (akwatin haƙoran da ke rage masa gudu), yankan wuƙaƙe, sai sandar tsakiya da boris. Giya ita ce babba. Sau da yawa ita kaɗai ta fi sauran injin gaba ɗaya tsada.

Baban Khadija: Maigida, na gode. Amma me ya sa sai da giya? Ina da moto mai ƙarfin doki 2 a ajiye. Ba zan iya sa masa bel kawai ba, kamar na injin niƙan hatsi?

Bazazzagi: Bari in shigo nan, don a kan wannan tambayar lissafin duka ya rataya. Zanen da ka gani na wani ɗan Holan ne, Dave Hakkens, wanda ya fara shi a 2013 a Eindhoven a matsayin aikin kammala karatu, ya kuma saki zanen kyauta ga kowa. Injin ba da gudu yake yanka ba, da ƙarfin murɗa yake yi. Sandar tana juyawa a hankali, wajen zagaye 70 a minti, haƙoran wuƙaƙen suna kama roba suna matse ta a jikin wuƙaƙen da ke tsaye har ta tsage. Moton da muke samu a kasuwa kuwa wajen zagaye 1,400 yake yi a minti a wutarmu. Ka ga sai ka rage gudun sau 20. Idan moton mai kilowat 2.2 ne ka sauko da shi zuwa 70, za ka samu ƙarfin murɗa kusan Nm 300 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗa) a lissafi, kafin a cire abin da giyar kanta ke cinyewa. Bel ba zai ba ka ragin sau 20 a mataki ɗaya ba, sai ka yi hawa biyu ko uku, kuma da zarar roba mai kauri ta cije sai bel ya riƙa sulɓewa. Shi ya sa Maigida ya ce giya ce babba.

Ɗan Panteka: Haka ne Injiniya. Kuma sabuwa ba a ƙera ta a nan, da dala ake shigo da ita. Mu abin da muke yi shi ne neman ta hannu, wadda aka ciro daga tsohon injin masana'anta, irin na bel mai jan kaya ko na cakuɗa siminti. Idan ka dace sai ka same ta haɗe da motonta. Amma kada ka biya sai an buɗe ka ga haƙoran da idonka, ka juya sandar da hannu ka ji ko tana wasa. Wasu masu sayarwa fenti kawai suke shafa mata.

Ɗalibin Mekatronik: Malamai, ni na ga ana yi da moton waifa na mota, wasu da na injin wanki. Ba zai rage kuɗi sosai ba?

Bazazzagi: Ƙanena, moton waifa yana da 'yar giya a cikinsa, amma don goge gilashi aka yi shi. Zai ci siraran tokare da guntun zare. Ka jefa masa abu mai kauri da aka cika cikinsa, tsayawa zai yi ya ɗau zafi. Na injin wanki kuma gudu gare shi ba ƙarfi ba, ka dawo kan maganar giya. Idan dai don gwajin makaranta ne, babu laifi.

Maman Sadiq: Ku yi haƙuri in katse ku. Ni sana'ata roba ce, muna sayen tsofaffin bokiti da jarkoki muna niƙawa muna sayar wa masu ƙera kaya. Baban Khadija, kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ka ɗora robar nan a sikeli. Kilo nawa kake tarawa a wata? Abin da firinta ke fitarwa yawancinsa iska ce a ciki, buhu ya cika amma ba nauyi. Na ga mutane sun ƙera inji don buhu biyu, suka niƙe cikin yini guda, injin ya koma wurin ajiye kaya.

Baban Khadija: Hajiya, gaskiya ba ya wuce kilo ɗaya zuwa biyu a wata.

Maman Sadiq: To yi lissafi da kanka. A kasuwannin waje kilo ɗaya na zaren PLA wajen dala 20 ne. A ce ma duk abin da ka niƙa ya koma zare mai kyau, wanda ba zai yiwu ba, kilo ɗaya a wata dala 240 ke nan a shekara. Ka ƙara kuɗin jirgi da na kwastan, ka ninka shi biyu ma idan ka so. Yanzu ka tuna injin niƙa shi kaɗai ba ya ba ka zare. Garin roba kawai zai ba ka. Sai ka sake nemo injin narkarwa da ke fitar da zare, da mai naɗewa, da abin busarwa. Shekara nawa kafin kuɗinka ya dawo?

Ɗalibin Mekatronik: Amma Hajiya ba komai ne ake auna shi da riba ba. Idan kowa ya ce sai lissafi ya fita, ba za mu taɓa ƙera komai a ƙasar nan ba. Ko ilimin da mutum zai samu ai riba ce.

Maman Sadiq: Ɗana, ban hana ƙira ba, ni ma da injin da aka ƙera a gida nake cin abinci. Amma mutum ya tambayi nawa zai ci, haƙƙinsa ne a gaya masa kuɗin tafiyar gaba ɗaya, ba na zangon farko kaɗai ba.

Bazazzagi: Hajiya tana da hujja, kuma akwai alƙaluma da aka wallafa. Ɗakin binciken Farfesa Joshua Pearce, lokacin yana jami'ar Michigan Tech a Amurka, ya fitar da zanen injin fitar da zare mai suna Recyclebot. Samfurin 2018 sun ce kayan haɗinsa ba su kai dala 700 ba. A 2019 suka fitar da na niƙa, kayansa ƙasa da dala 2,000. Kuɗin kaya ne kawai wannan, ba ladan aiki, kuma a ƙasar da za ka yi odar boris yau ya iso gobe. Na kamfani kamar 3devo a Holan ko Filabot a Amurka kuwa dubban daloli ake magana. Don haka idan wani ya ce maka zai haɗa maka duka a kuɗin wayar hannu, ka tambaye shi me ya cire.

Amma ni inda nake so mu tsaya sosai shi ne wuƙaƙe, domin nan ne ƙirar gida take faɗuwa. Wuƙaƙen ana jera su ne a kan sanda mai kusurwa shida, wuƙa, zoben tazara, wuƙa, zoben tazara, kuma kowace sai ta ratsa tsakanin wuƙaƙe biyu na tsaye ba tare da ta goga ba. Ratar ba ta kai milimita ɗaya ba. To farantin da ake sayar mana a matsayin milimita 5 ba kullum yake cika 5 ba. A ce 4.8 ne. Wannan 0.2 ɗin ba komai ba ne a wuƙa ɗaya, amma ka jera 14 ya zama milimita 2.8. Wuƙar farko za ta zauna daidai, ta ƙarshe ta daki ƙarfe. Don haka ka sayi farantin tukuna, ka auna shi da ma'auni mai kyau, sannan a gyara zanen ya bi kaurin da ke hannunka. Kuma wuƙaƙe masu juyawa da na tsaye a yanke su daga faranti guda.

Ɗan Panteka: Allah ya saka da alheri Injiniya, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Yaro zai zo da zane a waya ya ce a yanka masa da gas ko da giranda. Ba ya yiwuwa. Gas yana cinye baki, yana lanƙwasa faranti, ramin tsakiya mai kusurwa shida kuma ba zai taɓa fita daidai ba. Idan ramin ya yi sako-sako, wuƙa za ta riƙa wasa a kan sanda har ta cinye kusurwoyin. Na'urar yanka ta filasma mai aiki da kwamfuta ta fi, amma tana barin baki a karkace, sai an bi da gyara. Lesa, wato na'urar yanka da haske, ita ce ta gaskiya, kuma masu ita ba su da yawa a arewa, wasu sai sun tura Legas. Su kuma tsawon yanka da kaurin ƙarfe suke caji, da kuɗin tayar da inji ko da abu ɗaya za a yanka. Saiti ɗaya tsada, saiti biyar a faranti guda kowa ya samu sauƙi.

Baban Khadija: Wane ƙarfe ya kamata? Na ji ana cewa Hardox.

Ɗan Panteka: Hardox na kamfanin SSAB ne na Suwidin, ana sa shi a bokitin katafila da bayan tifa don ba ya saurin cinyewa. Yana da kyau, amma ga tsada ga wuyar huda. Don PLA kaɗai ba dole ba ne, ita ba ta da taurin kai, fashewa take yi. Baƙin ƙarfe na yau da kullum zai yi maka aiki, sai dai ka riƙa wasa shi. Ni da nawa ne, sifirin mota nake sa wa a wuƙaƙen tsaye, amma sai wanda ya iya miƙe shi da ba shi wuta. Abin da ke kashe wuƙa ba roba ba ce, kusoshin da aka manta a cikin aiki ne.

Bazazzagi: Musamman ƙananan mazaunin kusa na tagulla da kuke narkawa a cikin roba. Maganaɗisu ba ya kama su. Sai an bi ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Na Maraɗi: Salamu alaikum, ina biye da ku daga Nijar. Mu nan sefa tana manne da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya, saboda haka farashin kayan waje ba ya tsalle kamar naku, amma kayan ƙarfe da yawa daga wajenku muke sayowa. Tambayata a kan wuta ce. Giyoyin masana'anta da Maigida ya ambata, motocinsu ai na layi uku ne. Gida kuma layi ɗaya ne. Yaya ake yi?

Bazazzagi: Tambaya mai kyau, kuma kuɗi ne da mutane ke mantawa. Hanya biyu ce. Ko ka canza moton da na layi ɗaya, ko ka sayi akwatin sarrafa gudun moto da ake kira VFD, mai karɓar layi ɗaya ya fitar da uku, muddin moton yana karɓar haɗin wuta mai ƙarfin bolt 220. Ni na fi son ta biyu duk da tsadarta. Moto idan aka kunna shi kai tsaye yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci a aiki, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. VFD yana tayar da shi a hankali, yana yanke wuta idan inji ya cije, yana kuma ba ka damar juya shi baya ka saki abin da ya maƙale. Kuɗin wutar aikin kansa ba shi da yawa. Ko a farashin Band A, rukunin da ya fi biyan wuta da tsada, na naira 225 kowane yunit da aka sanar a Afrilun 2024, awa guda na moto mai kilowat 2.2 bai kai naira 500 ba, kuma robar Baban Khadija ta wata guda ba za ta ci awa ba.

Ɗan Panteka: Ku ƙara da wannan, don Allah, kada a ce an rage kuɗi a nan. Mazurari ya yi tsawon da hannu ba zai kai wuƙa ba, a sa murfi, a sa jan maɓallin kashewa inda gwiwa ma za ta iya bugawa. Injin da ke juyawa a hankali shi ya fi yaudara, yaro zai ga kamar zai iya zare abu kafin haƙori ya iso. Na san masu sana'a da suka rasa yatsu a irin wannan. Sannan tsakanin giya da sanda a sa ƙusa mai laushi wadda za ta karye idan abu ya fi ƙarfin inji. Gara ƙusa ta karye da haƙorin giya.

Maman Sadiq: Amin Maigida. A wurinmu ba na barin sabon yaro ya matso kusa da inji sai ya yi makonni yana kallo.

Baban Khadija: Hajiya, to me zai hana in kawo miki robar kawai ki niƙa mini a naki in biya?

Maman Sadiq: Da zan karɓa da farin ciki, amma zan cuce ka. Injinmu kullum cikin robar bokiti da jarka yake, ga ƙasa ga ƙura. Ko an share, sai ka samu ɓarɓashinsu a lungu. Masu sayen kayanmu suna ƙera abu mai kauri, ɗan datti ba ya damunsu. Kai kuma bakin firintarka milimita 0.4 ne, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi. Ban da haka namu gudu yake yi sosai, kilo biyu rabinsa a cikin injin zai ɓace.

Bazazzagi: Kuma wannan gargaɗin ya shafi buhunan da ke ɗakinka. PLA tana narkewa a bakin firinta tsakanin digiri 190 zuwa 220, PETG tana son 230 zuwa 250. Idan suka haɗu, a zafin PLA guntayen PETG ba za su narke sosai ba, zare ya fito da ƙulli-ƙulli. Da ido kuma ba ka iya bambance su da tabbaci bayan an buga. Duk wanda ba ka tabbatar da shi ba, ka ware shi gefe. Daga yau kowace roba da bokitinta, a rubuce.

Bayan niƙa akwai rariya. Injin fitar da zare ƙarami yana son gutsattsari masu kusan girma ɗaya, milimita 3 zuwa 5, in ba haka ba yana ci yana tsayawa, kaurin zare ya riƙa hawa da sauka. Kai kuma kaurin milimita 1.75 kake nema, kuskuren da bai wuce 0.05 ba. Sai busarwa, don PLA tana shan laima, da damina musamman, kuma kada zafin busarwar ya kai digiri 60 inda take fara laushi ta dunƙule. Duk narkarwa kuma tana rage mata ƙarfi, shi ya sa ake gauraya ta da sabbin ƙwayoyin roba, su ma shigo da su ake yi.

Ɗalibin Mekatronik: Malam, to Polyformer fa? Shi ba ya buƙatar niƙa.

Bazazzagi: Gaskiya ne, kuma ya dace da mu. Reiten Cheng da Swaleh Owais sun ci lambar James Dyson ta 2022 da shi, kuma tsadar zare a Ruwanda na cikin abin da ya tura aikin. Yana yanka gorar ruwa ta PET ta zama dogon tsiri, ya ja shi ta cikin baki mai zafi ya zama zare. Yana da araha sosai idan aka kwatanta. Sai dai gora yake ci, ba ya cin aikin da ya lalace. Zai rage wa Baban Khadija sayen zare, amma buhunansa suna nan.

Na Maraɗi: Ni a ganina ba dole sai ta koma zare ba. Idan an niƙa, a zuba a cikin mazubi na ƙarfe a gasa a tanda da aka keɓe don haka, a matse, ta zama faranti. Ana yin maɓallai, maƙalan makulli, allunan suna. Nan ba ruwanka da 1.75, launuka ma idan sun cakuɗe ado ne.

Maman Sadiq: Wannan ta fi kusa da kasuwa. Sai dai a kula, kayan PLA ba sa son rana. Ka bar shi a cikin mota a rufe a watan Afrilu ka dawo ka tarar ya lanƙwashe. A yi abin da zai zauna a ɗaki.

Ni shawarata ɗaya ce. Ba kowane gida ke da injin markaɗe ba, ɗaya ne a unguwa kowa ya kai nasa ya biya. Masu firinta a Kano, Kaduna da Zariya ku ƙirga kanku. Idan kun kai goma, kowa da kilo ɗaya ko biyu, lissafin da na yi ɗazu ya canza gaba ɗaya. A ƙera inji ɗaya mai kyau, PLA kaɗai yake ci, a ajiye shi wurin mutum ɗaya mai amana da wuta.

Baban Khadija: Na yarda da rabin maganar Hajiya. Inda nake jin tsoro shi ne tsabta. Ni zan iya rantsuwa a kan bokitina, amma ba zan iya rantsuwa a kan na wani ba. Mutum ɗaya ya kawo PETG a cikin nasa, ya ɓata na kowa.

Ɗan Panteka: Sai a niƙa na kowa daban, a buɗe a share tsakani. Wannan ma a zane ake gyara shi: rariya ta zama mai zarewa, gefen akwati a ɗaure da kusoshi ba walda ba. Zai ƙara kuɗi kaɗan. Kuma tunda robarku ba manyan jarkoki ba ce, a rage faɗin akwatin, wuƙaƙe su ragu, moto mai kilowat 1.5 ya isa, manyan guntaye a fara fasa su da guduma a cikin buhu. Baban Khadija, ba zan ba ka farashi a nan ba don na yau ba na jibi ba ne. Ka nemo giyar tukuna, ita za ta gaya mana girman sanda da boris. Ka turo mini hoton farantin da ke jikinta mai rubutun lambobi.

Baban Khadija: To Maigida, ranar Asabar zan shiga kasuwa in sha Allahu. Injiniya, idan na samu mai ragin sau 30 maimakon 20 fa, in ɗauka?

Bazazzagi: Ɗauka. Za ta ba ka wajen zagaye 47 a minti, aiki zai ɗan yi jinkiri amma ƙarfi ya ƙaru, sai a ƙara kaurin sanda. Ka duba lambar ƙarfin murɗa da aka rubuta a jikinta, kada ta gaza abin da moton zai tura mata. Masu firinta da ke son shiga haɗin, kowa ya rubuto garinsa, irin robarsa da kilo nawa yake tarawa a wata, don mu san saiti nawa za a kai wa mai lesa.

Na Maraɗi: Maraɗi, PLA, ƙasa da kilo ɗaya. Amma ina son saitin wuƙaƙe nawa daban, zan juya shi da hannu.